Ƙashin da Ya Ƙi Kamawa: Allurar Ɓargo da Majinyatan Arewa

Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta bi ta Doso, ta ratsa Kore Mairuwa da Dogon Dutsi, sannan ta miƙe gabas zuwa Birnin Ƙonni. Ta kanta gero da wake ke fita daga ƙasar Arewa ta Nijar, ta kanta kuma karaya ke shiga gidaje. Ranar kasuwa ɗan kabu-kabu zai ɗauko mutum biyu da buhu, babbar mota ta matse shi, sai dai a kwashe su a gefen titi. Can cikin ƙauyukan Dallol Mauri, wajen Tibiri da Dumega da Matankari, akwai amalanken shanu da ke kifewa da kaya, da yaron da ya hau gawo zai kakkaɓo wa awaki abinci reshe ya ɓalle da shi, da mai haƙar rijiya, da ɗan kokowa.

Mafi yawan waɗannan ƙasusuwa suna warkewa, domin ƙashi yana cikin 'yan sassan jiki da ke gyara kansu ba tare da tabo ba. Amma akwai waɗanda ke ƙi. Likitocin ƙashi sukan ƙiyasta cewa tsakanin 5 zuwa 10 cikin ɗari na karaya suna jinkirin haɗuwa ko su ƙi haɗuwa sam. Wata shida, wata tara, mutum na dogara sanda, in ya taka sai ƙwaurin ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. A gida cewa ake yi ɗorin bai kama ba. Magidancin da abin ya samu ya yi asarar damina guda, wani lokaci biyu, kuma tumakin da aka tara su ne ke tafiya kasuwa ɗaya bayan ɗaya.

Saboda irin waɗannan mutane ne masu bincike a Turai da Amurka da Sin suka shafe shekaru suna neman abin da za a zuƙa a sirinji, a tura cikin gurbin karaya, ya sa sabon ƙashi ya tsiro ba tare da an yi wa mutum babbar tiyata ba. Abin haɗi biyu ne: ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin halittar da ba su riga sun zaɓi aikinsu ba, da kuma wani kwaɓi da zai riƙe su a wurin. Labarin yana da daɗin ji. Yana kuma da sharuɗɗan da masu talla ba sa faɗi.

Hannun maɗori

Kafin a kai ga sirinji, sai an fara da inda majinyacin Arewa ke fara zuwa, kuma kowa ya san wurin. Maɗori yana zaune a zaurensa ko ƙarƙashin rumfa, sana'ar gado ce. Za a shimfiɗe mai karaya a tabarma, ƙarti biyu su danne shi, maɗori ya bi ƙafar da yatsu yana lalube har ya ji inda bakunan ƙashin suke. Ya ja, ya murɗa kaɗan, ya saita. Ya shafa man shanu ko wani haɗin da ya gada, ya jera tsagaggun karare ko 'yan sanduna kewaye da wurin, ya naɗe da tsumma ya ɗaure, ya yi tofi. Sallamarsa ba ta da yawa, wani lokaci ma sai an warke. Yana jin harshen majinyaci, ya san ubansa, kuma babu maganar kuɗin mota.

Kada a raina wannan aiki. Ga karayar da fata ba ta fashe ba, wadda ƙashin bai goce sosai ba, saitawa da hana motsi su ne ginshiƙin magani ko a asibiti, kuma ƙwararren maɗori yana yin su. Inda ake samun ɓarna wuri biyu ne. Na farko ɗauri mai tsanani: gaɓa takan kumbura a kwanakin farko, in tsumman ya matse sai jini ya daina kaiwa, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, ƙarshenta a yanke hannun yaron da karayarsa ba ta taka kara ta karya ba. Na biyu shi ne karayar da ƙashi ya huda fata ya leƙo, ya kwashi ƙasa da kashin dabbobi. In aka shafe irin wannan da mai aka naɗe, an kulle ƙwayoyin cuta a ciki ke nan. Bayan makonni sai mugunya, sai wani yanki na ƙashin ya mutu. Ranar da aka kai asibiti aka kankare matacce, sai a bar giɓi na santimita huɗu, biyar, har fiye. Babu maɗorin da zai cike wannan giɓi, kuma simintin da ake naɗe ƙafa da shi a asibiti ma ba zai cike shi ba.

Abin da ke cikin ɓargo

In ƙashi ya karye, jini ne ke fara taruwa ya daskare a wurin. Cikin wannan gudan jini ƙwayoyin gyara ke shigowa daga ɓargo da kuma daga siririn tantanin da ya lulluɓe ƙashi. A mako biyu zuwa uku sun gina wata gada mai taushi ta guringuntsi. Sannan ƙananan hanyoyin jini su kutsa, sinadarin kalsiyam ya zauna, gadar ta taurara. Jiki zai ci gaba da sassaƙe ta watanni, har shekaru. Abin da ke ɓata wannan tsari sananne ne: motsi a wurin karayar, ƙarancin jini, ƙwayoyin cuta, giɓi mai faɗi, sai kuma taba sigari da ciwon suga da rashin abinci mai gina jiki. Ƙashin ƙwauri ya fi kowane shiga wannan matsala, domin gabansa fata ce kawai, babu tsokar da za ta ciyar da shi.

Maganin da likitoci suka fi amincewa da shi har yau shi ne dashe: a yanka ƙugun majinyaci, a ɗebo ɓarɓashin ƙashi mai rai, a cusa a giɓin. Yana aiki. Sai dai tiyata biyu ce a jiki ɗaya, abin da ake iya ɗebowa ƙayyadadde ne, kuma wasu kan daɗe suna jin ciwon ƙugun bayan ƙafar ta warke.

Wani masani a Mosko, Alexander Friedenstein, shi ya nuna a shekarun 1960 da 1970 cewa a cikin ɓargo, ban da ƙwayoyin da ke yin jini, akwai wasu 'yan tsiraru da in aka dasa su a wani wuri sai su yi ƙashi. Ƙalilan ne ƙwarai, ɗaya cikin dubu goma zuwa ɗaya cikin dubu ɗari, kuma suna raguwa da tsufa. Tambayar da ta biyo baya mai sauƙi ce: me zai hana a zuƙo ɓargon da allura maimakon a yanka? A 1991 wani likitan ƙashi a Amurka, John Connolly, ya ba da rahoton mutum 20 masu karayar ƙwauri da ta ƙi haɗuwa, ya yi musu allurar ɓargonsu, 18 suka warke.

Wanda ya fi kowa tsayawa kan wannan aiki shi ne Philippe Hernigou na asibitin Henri-Mondor da ke Créteil, kusa da Paris. Yakan soka allura mai kauri a ƙashin ƙugu, ya zuƙi ɓargo kaɗan-kaɗan yana canza wuri, don in aka zuƙa da yawa a rami ɗaya jini ne zai cika sirinjin. In ya tara kimanin mililita 300 sai a sa a na'ura mai juyawa da gudu, ta ware jajayen ƙwayoyin jini da ruwa, a bar ɗan abin da ake nema. A 2005 ya wallafa sakamakon mutum 60: ƙashin 53 ya haɗu. Bakwai ɗin da suka rage kuwa, da aka duba, su ne waɗanda aka samu ƙwayoyin tushe mafi ƙaranci a allurarsu. Akwai wani sharaɗi a binciken da ya kamata mutumin Arewa ya riƙe: duka sittin ɗin babu wanda ƙashinsa ke mugunya.

Kwaɓin da ke riƙe iri

Ɓargo ruwa ne. In giɓin ƙarami ne zai zauna, in babba ne sai ya malale cikin tsoka. Manomin da ya taɓa gyara fako ya san wannan matsala. Watsa iri a kan fako asara ce, iska da ruwan farko za su tafi da shi. Sai an haƙa tassa, an zuba taki, ramin ya riƙe iri ya riƙe danshi, sannan gero ya fito. Aikin da ake nema kwaɓin ya yi ke nan a cikin ƙashi.

Iri biyu ne suka fi shahara. Na farko siminti ne na kalsiyam da fosfet, waɗanda su ne ma'adinin ƙashi na asali, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa. Walter Brown da Laurence Chow suka fito da shi a Amurka a shekarun 1980. Gari ne da ruwa, a kwaɓa a zuba a sirinji, ya shiga kowane lungu na giɓin, ya daskare cikin mintuna a ɗumin jiki. Ya bambanta da tsohon simintin roba da ake kafa ƙugun ƙarfe da shi, wanda ke yin zafi sosai lokacin daskarewa kuma jiki ba ya taɓa narkar da shi. Wannan sabon, jiki yana cinye shi a hankali yana maye gurbinsa da ƙashi. Irinsa marar ƙwayoyin tushe ya daɗe a asibitoci.

Matsalar ita ce in aka cakuɗa ƙwayoyi masu rai kai tsaye cikin simintin, yawancinsu mutuwa suke yi, ga matsin allura, ga sinadaran daskarewa. A 2010 Hockin Xu da abokan aikinsa a Jami'ar Maryland suka nuna wata dabara: suka naɗe ƙwayoyin tushe da aka samo daga igiyar cibiya cikin 'yan ƙananan ƙwallaye na aljinet, wani abu mai yauƙi da ake tatsa daga ciyawar teku, sannan suka gauraya da simintin. Ƙwallayen sun kare su lokacin allura. In kuma daga baya suka narke, sai su bar ramuka da jini zai bi. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, ba na gadon asibiti ba.

Na biyu shi ne abin da ake kira haidirojel, ruwa mai kauri da ake yi daga kolajin ko jelatin, ko kitosan na ɓawon jatan lande, ko ma daga sinadarin daskarar da jinin majinyacin kansa. Akwai wanda yake ruwa a sanyi ya daskare in ya ji ɗumin jiki. Ƙwayoyi suna jin daɗin zama a cikinsa, amma ba shi da ƙarfin ɗaukar ko da nauyin jariri. Simintin ma gautsi gare shi. Kowanne aka yi amfani da shi, sai an kafe ƙashin da ƙarfe, ciki ko waje.

Babban cikas ɗin da har yanzu ya gagara shi ne numfashi. Ƙwayar halitta ba ta rayuwa in ta yi nisan fiye da kashi ɗaya cikin biyar na milimita daga hanyar jini. A cike giɓi mai faɗin yatsu uku, waɗanda ke tsakiya za su shaƙe kafin jini ya iso. Gwaje-gwaje a jikin dabbobi sun nuna yawancin ƙwayoyin da aka dasa ba sa daɗewa. Shi ya sa da yawa daga masana yanzu ke ganin amfaninsu ya fi yawa a sinadaran da suke fitarwa, waɗanda ke kiran ƙwayoyin jikin mutum su zo su yi ginin. Arnold Caplan, wanda ya raɗa musu sunan da aka san su da shi a 1991, shi da kansa ya nemi a 2017 a daina kiran su ƙwayoyin tushe saboda wannan dalili.

Akwai abin da zai taso a ƙasar Musulmi wanda takardun bincike ba su cika kulawa da shi ba. Jelatin da kolajin daga fatar shanu ko alade ake samun su. Cibiya da mabiyiya kuma, a al'adarmu wankewa ake yi a binne. Ranar da irin wannan magani zai zo, sai an zauna da malamai da ungozomomi. Ɓargon mutum da aka mayar masa a jikinsa bai da wannan tambaya.

A jikin mutane fa?

A 2001 likitoci a Italiya suka ba da labarin mutum uku masu giɓin santimita 4 zuwa 7 da aka cike da tubalin ma'adinin ƙashi mai ramuka, wanda aka jiƙa da ƙwayoyin ɓargonsu. Daga baya Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna REBORNE, ƙarƙashin Pierre Layrolle na birnin Nantes. An ɗebi ɓargon majinyata 28, aka rene shi a ɗaki na musamman makonni har ƙwayoyin suka kai miliyan 100 zuwa 200, aka haɗa da tsakuwoyin kalsiyam fosfet aka dasa ta hanyar tiyata. Ƙashin 26 ya haɗu. Sakamako ne mai kyau, amma babu rukunin da aka kwatanta su da shi.

Inda aka yi kwatancen kuwa ba kullum ake dariya ba. Kamfanin Bone Therapeutics na Beljiyam ya kai allurarsa mai suna PREOB matakin gwaji na uku a kan masu mutuwar kan ƙashin cinya. A 2018 aka dakatar da gwajin, domin alƙaluman tsakiyar hanya sun nuna ba za ta fi tiyatar da aka saba yi ita kaɗai ba. Duk wanda ya ce an gama gano wannan magani, ya wuce inda masu binciken kansu suka tsaya.

Wannan ya kawo mu ga masu yawo da 'yan fakitoci a kasuwanni da zaurukan WhatsApp, daga Sakkwato har Yamai, suna sayar da garin da suka ce na ƙwayoyin tushe ne daga tuffa ko inabi, wai yana ɗora ƙashi, yana maganin suga da shanyewar ɓarin jiki. Ƙwayar tsiro ba ta zama ƙashin mutum, kuma abin da aka busar aka daka aka haɗiye ciki ne zai narkar da shi. Jakunkunan da ake zubawa a nan sun isa kuɗin mota zuwa Doso da hoton ƙashi.

Masu amosanin jini

A ganina, in wannan fasaha za ta yi wa Arewa rana nan kusa, ba ta kan 'yan kabu-kabu za ta fara ba. Ta kan masu amosanin jini ne. Nijar na cikin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu, ana ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar na ɗauke da ƙwayar gadonta, har akwai cibiya ta ƙasa a Yamai da aka keɓe mata. Jajayen ƙwayoyin jinin mai cutar sukan lanƙwashe su toshe ƙananan hanyoyi, kuma kan ƙashin cinya, wannan dunƙulen da ke juyawa cikin ƙugu, hanyoyin jininsa kaɗan ne. In suka toshe sai cikinsa ya mutu. Da farko ciwo ne a matsematsi in an yi tafiya. Sannan ɗingishi, sannan budurwa ko saurayi ya kasa tanƙwashe ƙafa a zaman tahiya. Daga ƙarshe dunƙulen ya rufta, sai ƙugun ƙarfe, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, kuma ɗan shekara ashirin zai rayu ya ga ƙarfen ya gaji.

A nan Hernigou ya haɗa tsohuwar tiyatar huda rami zuwa cikin mataccen wurin da allurar ɓargo. Rahotonsa na 2002 ya ƙunshi ƙugu 189, da masu amosanin jini a ciki. Cikin 145 da aka yi wa aikin kafin dunƙulen ya rufta, 9 ne kawai suka buƙaci ƙugun ƙarfe daga baya. Cikin 44 da aka makara, 25 sai da aka canza musu. A Salvador ta jihar Bahia a Barazil, inda jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ke fama da wannan cuta, Gildásio Daltro ya bi majinyata 89 har shekara biyar, ya ba da rahoto a 2015 cewa ciwo ya ragu kuma a mafi yawansu ƙugun bai rufta ba. Gwajin Beljiyam ya sa dole a karanta waɗannan alƙaluma da taka-tsantsan. Amma abu ɗaya ba a jayayya a kansa: kama cutar da wuri shi ke raba mai tafiya da mai sanda.

Daga Dogon Dutsi zuwa sirinjin

Dogon Dutsi na da asibitin gunduma. Doso, mai babban asibitin jiha, tana kusan kilomita 140, Yamai kuma ninkin haka. A can ne ake da Babban Asibitin Ƙasa, da na Lamorde, da sabon babban asibitin da aka ƙaddamar a 2016, da asibitin yara na CURE da ya fara aiki a 2010 kan nakasar ƙafa da ƙashi. Wasu kan nufi asibitin Galmi ta gabas, wasu su ƙetare iyaka zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, masu hali har asibitin ƙashi na Dala a Kano. Tun 2005 Nijar ta fara horar da likitocin gunduma shekara guda kan tiyatar gaggawa, kuma jihar Doso na cikin wuraren da aka fara ganin amfanin haka. Sai dai ƙarfin shirin ya fi karkata ga haihuwa da ƙaba da ciwon ciki. Ƙashi bai samu irin wannan gata ba.

Renon ƙwayoyi miliyan ɗari yana son ɗakin da ko ƙura ba ta shiga da wutar da ba ta ƙiftawa. Wanda ya ga yadda ƙasar ta shiga duhu a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse lantarki, ya san wannan ba maganar bana ba ce. Hanyar Hernigou kuwa ba ta neman reno. Tana son ɗakin tiyata mai tsafta, allurar ɓargo, na'urar juyawa, na'urar hoton da ke nuna wa likita inda bakin allurarsa yake, da hannun da ya koya. Babban asibitin jiha zai iya mallakar waɗannan. Ga babban giɓi ma akwai dabarun da ba sa jiran sabon ƙirƙire. Alain Masquelet na Faransa, tun 1986, yakan cike giɓin da simintin roba na mako shida zuwa takwas, jiki ya yi masa riga mai yalwar jini, sannan a cire simintin a zuba dashen ƙashi cikin rigar. Gavriil Ilizarov na Kurgan a Rasha ya nuna ana iya jan ƙashi da zobban ƙarfe milimita ɗaya kullum, sabo na tsirowa a baya.

Duk waɗannan, tsoho da sabo, suna rushewa in akwai mugunya. Ma'adinin da aka tura cikin ƙashi mai cuta masauki yake zama ga ƙwayoyin cutar. Saboda haka aikin da ya fi kowace allura tasiri ana yin sa ne a ranar haɗarin: a wanke raunin da ruwa mai yawa, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da rigakafin sarƙewar haƙora, a kankare matacce, a kafe ƙashin. Hakan na buƙatar maɗori ya yarda cewa karayar da ta fasa fata ba tasa ba ce, ya ce wa dangi: “Ku kai shi likita yau, in an rufe ciwon ku dawo mini da shi.” Yana kuma buƙatar ma'aikacin asibiti ya daina tarbar wanda ya fito daga zauren maɗori da faɗa, don tsoron wannan faɗan na cikin abin da ke sa a ƙara mako biyu a gida.

Ga masu amosanin jini kuwa giɓin na wajen gani ne. A matakin farko, lokacin da allurar ɓargo ke da fatan amfani, hoton ƙashi na yau da kullum yakan fito lafiya lau, a sallami yaro da maganin ciwo. Na'urar MRI ce ke ganin mutuwar ƙashin tun ba ta yi nisa ba, kuma mutumin Tibiri ko Dan Kasari sai ya dangana da Yamai kafin ya kwanta a cikinta. Ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye ba ya buƙatar na'ura kafin ya yi zargi: ya kwantar da yaron rigingine, ya lanƙwasa gwiwa, ya juya cinyar ciki. In yaron ya ɗaure fuska ya riƙe matsematsi, takardar turawa ya kamata a rubuta a ranar.